Sana'ar Ɗaukar Hoto a Mubi: Bayan Durƙushewar Shaguna, An Koma Neman Ciniki a Wuraren Tarihi

MUBI, Jihar Adamawa. Duk wanda ya san garin Mubi shekaru talatin da suka wuce zai tuna cewa a ranar Sallah ko ranar Kirsimeti, shaguna kaɗan ne suke samun cinkoson jama'a kamar shagon mai hoto. Magidanci yakan taso iyalinsa gaba, kowa da sabon ɗinkinsa, a jeru a bakin ƙofa ana jiran layi. In an shiga, a tsaya a gaban labulen da aka zana wa benaye da furanni, mai hoto ya gyara wa wannan hula, ya daidaita wa waccan ɗankwali, ya ɗauka, sannan ya sa ranar da za a dawo karɓa. Da irin wannan ciniki ne mutane da dama suka yi aure, suka gina muhalli, suka kuma biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta.

A yau wannan kasuwa ta ja da baya matuƙa. Kusan kowane matashi yana da kyamara a aljihunsa, wato wayar hannu, abin da ya rage wa galibin tsofaffin shaguna kuwa shi ne hoton fasfo na masu neman aiki da ɗalibai, sai kuma ɗan aikin biki da suna. To amma a daidai lokacin da wannan ƙofa take rufewa, wata ta fara buɗewa. Mutane sun soma biyan mai hoto kuɗi domin ya keɓe masu lokaci, ya raka su wani wuri mai tarihi ko mai ban sha'awa, ya ɗauke su hotuna su kaɗai ko da iyalinsu. Abin tambaya shi ne ko gari irin Mubi, wanda Allah ya yi wa arzikin tarihi da duwatsu, amma ya sha fama da rashin tsaro, zai iya cin moriyar wannan sabon ciniki.

Yadda abin yake a ƙasashen waje

A manyan biranen da baƙi suke tururuwa zuwa yawon buɗe ido, irin su Paris da Rum da Istanbul da Alƙahira da Marrakesh, wannan harka ta daɗe da zama sana'a mai zaman kanta. Tun matafiyi yana gida yakan duba ayyukan masu hoto na birnin da za shi ta intanet, ya zaɓi wanda hannunsa ya kwanta masa a rai, su tsayar da rana da sa'a da wurin haɗuwa, ya biya kuɗi. In ya iso, mai hoton ya zaga da shi na awa ɗaya ko biyu, bayan 'yan kwanaki kuma a aiko masa da hotunansa a gyare. Akwai ma kamfanonin da ba su da wani aiki sai dillancin wannan ciniki. Ɗaya daga cikinsu shi ne Flytographer, wanda aka kafa a ƙasar Kanada cikin 2013, yana haɗa matafiya da masu hoto na birane daban-daban, yana cire la'adarsa.

Abin da ake saye a wannan ciniki ya wuce hoto kawai. Baƙo yana sayen sanin gari ne: wane lungu ne ya fi kyau, da wane lokaci hasken rana yake sauka a jikin ganuwa, a ina ake hana ɗaukar hoto, wa ake gaisarwa kafin a shiga. Wayar hannu ba ta da wannan sani, ɗan gari ne yake da shi, kuma shi ne jarin da ya rage wa mai hoto. Ga Bahaushe ma abin ba baƙo ba ne ɗungurungum, domin alhazan da suka sauke farali a shekarun baya sukan dawo da hotunan da aka ɗauke su a shagunan Makka da Madina, a gaban labule mai zanen Harami, a maƙala a bangon ɗaki don tunawa da tafiyar.

Daga akwati mai ƙafa uku zuwa wayar hannu

Sana'ar hoto ta bi matakai da dama a arewacin ƙasar nan. Dattawa suna tuna mai hoton da yakan kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa ko tashar mota, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya wanke hoton nan take a cikin akwatin. Daga baya aka sami shaguna masu ɗakin duhu inda ake wanke hoto baƙi da fari. Da hoto mai launi ya shigo, sai ya zama dole ƙananan masu hoto su riƙa aikawa da fim zuwa manyan garuruwa inda ake da injinan wanki, abin da ya sa mai hoto a gari irin Mubi yakan tara aikin mako guda, ya ba direba amana, ya zauna jiran dawowarsa.

Abubuwa biyu ne suka karya wannan tsari. Na farko shi ne zuwan kyamarar da ba ta buƙatar fim, wadda ta yi wa manyan kamfanonin duniya kansu illa, har kamfanin Kodak na Amurka ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Janairun 2012. Na biyu shi ne wayar hannu, wadda ta fara aiki a Nijeriya cikin 2001, daga baya kuma aka fara shigowa da masu kyamara a farashin da talaka zai iya saye. Da kafofin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp da Instagram suka yaɗu, mutane suka rage buƙatar hoton takarda, suka koma son wanda za su nuna wa 'yan'uwa da abokai a waya. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Masu hoton da suka gane haka sun bar jiran ciniki a shago, sun rataya kyamara sun bi jama'a inda suke.

Abin da Mubi take da shi

Mubi gari ne da ke zaune a gefen kogin Yedzaram, a gindin jerin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Yola. Ya shiga ƙarƙashin daular Fombina a zamanin Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19. Matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta nan cikin 1851 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Jamusawa sun ci garin a 1903, suka mai da shi sansaninsu na kan iyaka a cikin ƙasar Kamaru da suke mulki, har zuwa 1914 da Turawan Ingila suka ƙwace shi. Daga nan ya zauna a ƙarƙashin riƙon amana na Ingila, sai a watan Fabrairun 1961 da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, jama'ar Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya. Aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Ta shiga Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa a 1991.

Garuruwa kaɗan ne a ƙasar nan suke da irin wannan tarihi na sauya hannu tsakanin Fulani da Jamus da Ingila kafin su zaɓi ƙasarsu da ƙuri'a. Bugu da ƙari, yankin mazauni ne na al'ummu da yawa, kamar Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi da Fulani da Hausawa, kowace da tufafinta da raye-rayenta da bukukuwanta. Ga mai hoto kuwa akwai ƙofar fadar Sarkin Mubi, musamman a ranakun Sallah, akwai duwatsun da suke kewaye da gari waɗanda sukan yi kore shar da damina, akwai gaɓar kogi, akwai kuma kasuwar shanu ta Tike, wadda take cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki na Afirka, inda fatake daga Kamaru da Chadi suke haɗuwa da masu lodin manyan motoci zuwa kudancin Nijeriya.

Sai dai babbar kadara tana arewa da Mubi, ta hanyar Michika da Gulak, a Ƙaramar Hukumar Madagali. Wannan ita ce Sukur, ƙauyen da ke kan dutse mai tsayin sama da mita 1,000 daga matakin teku. A 1999 Hukumar Raya Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, shekaru shida kafin kurmin Osun da ke Osogbo ya bi sahu a 2005. Abin da ya jawo masa wannan daraja shi ne fadar sarkinsa, wanda ake kira Hidi, da aka gina da duwatsu ba tare da siminti ba, da hanyoyin da aka shimfiɗa wa duwatsu tun daga gindin tsauni har ƙoli, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, da kuma kufan maƙerun da aka riƙa narka tama a cikinsu ana sayar da ƙarfe ga maƙwabta. Duk matafiyin da zai je Sukur daga Yola, Mubi ce babban garin da ya fi kusa da zai samu masauki da abinci da mota a cikinsa.

Su wane ne masu sayen hoton

Kuskure ne a ɗauka cewa wannan ciniki ya dogara ga Turawa. A halin da ake ciki baƙi daga Turai da Amurka ba su cika zuwa wannan yanki ba, gwamnatocinsu ma sun daɗe suna gargaɗinsu game da tafiya arewa maso gabashin Nijeriya. Masu ciniki na haƙiƙa 'yan gida ne. Rukuni na farko su ne 'yan asalin yankin da suke aiki a Abuja da Legas da Kaduna da Fatakwal ko ƙasashen waje, waɗanda sukan dawo hutun Sallah ko na ƙarshen shekara da 'ya'yan da aka haifa a birni, suna so su koma da shaidar cewa yaran sun taka ƙasar kakanninsu.

Rukuni na biyu ɗalibai ne. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Kowace shekara ɗalibai masu yawa suna shiga, wasu suna kammalawa, kuma da wuya wanda ya gama karatu ya bar gari ba tare da ya yi hoton bankwana da abokansa ba. Sai masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga wasu jihohi, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka shigo yankin bayan rikici. Rukuni na ƙarshe su ne ango da amarya. Hoton kafin aure ya zama ruwan dare a tsakanin matasa, ko da yake malamai da dama sun yi suka a kansa, abin da ya sa wasu iyalai suka gwammace a jira sai bayan ɗaurin aure kafin a fita ɗaukar hoto.

Darasi daga Kano da Katsina da Zariya

Idan ana neman inda wannan ciniki ya fi kafuwa a arewa, to sai a dubi tsofaffin biranen ƙasar Hausa. A Kano mai hoto yana da jerin wuraren da zai kai baƙonsa a wuni guda: Dutsen Dala, da Gidan Makama wanda ya koma gidan adana kayan tarihi, da Kasuwar Kurmi da ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da marinar Ƙofar Mata wadda ake cewa an kafa ta a 1498, da Gidan Ɗan Hausa, da ragowar badala da ƙofofinta. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, a Daura akwai rijiyar Kusugu, a Zariya akwai tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. A ƙetaren iyaka kuma tsohon birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Amma babu abin da ya kai hawan Sallah jawo masu kyamara. A watan Disamban 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Duk da haka, shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda wannan kasuwa take da rauni. A 2020 annobar korona ta sa an dakatar da hawan, sannan a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 rundunar 'yan sanda ta hana shi a Kano bisa dalilan tsaro, a daidai lokacin da ake takaddama kan sarautar birnin. Duk lokacin da aka fasa hawa, asarar takan shafi masu otal da masu hayar motoci da dukawa da maɗinka da masu hoton da suka riga suka karɓi kafin alƙalami. Darasin da ke ciki ga Mubi shi ne kada a ɗora cinikin shekara a kan kwana uku ko huɗu na biki. Wurin da ake iya ziyarta kowane wata ya fi amfani ga mai neman abinci da sana'ar.

Yadda ake ƙulla cinikin

Galibin cinikin yanzu ta waya ake fara shi. Mai son hoto yakan ga aikin wani a Instagram ko Facebook, ko wani ɗan'uwa ya ba shi lamba, su yi magana ta WhatsApp. Abubuwan da suke yanke farashi sanannu ne: tsawon lokacin da za a ɗauka, yawan wuraren da za a je da nisansu, yawan mutanen da za a ɗauka, sau nawa za a sauya tufafi, hotuna nawa za a gyara a kwamfuta, da kuma ko za a wanke su a takarda a sa a albam ko a gilashi. Bisa al'ada ana ba da wani kaso a matsayin kafin alƙalami, a cika sauran ranar da aka miƙa aiki.

Yawancin rigimar da ake samu tsakanin mai hoto da mai ciniki tana tasowa ne daga abin da ba a faɗa ba tun farko. Wa zai biya kuɗin mota da na shiga wuri? In ruwan sama ya hana fita, za a ɗage rana ne ko a mayar da kuɗi? Kwana nawa za a jira kafin a karɓi hotuna? Za a ba da dukan abin da aka ɗauka ne, ko waɗanda aka gyara kawai? Yana da kyau a rubuta waɗannan sharuɗɗa ko da a saƙon waya ne, a kuma biya ta banki domin a sami shaida. Haka nan ya kamata mai ciniki ya nemi ganin cikakken aikin da mai hoton ya taɓa yi wa wani, saboda akwai masu tallan kansu da hotunan da ba su suka ɗauka ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar gwaninta ba.

Lokaci shi ma yana da tasiri. Masu sana'ar sun fi son sanyin safiya da kuma bayan la'asar, domin zafin rana tsaka yana sa mutum ya tsuke ido, inuwa kuma ta rufe fuska, balle ga mai hula ko rawani. A yankin Mubi ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ne lokacin da duwatsu suke da kore, sama kuma take a washe. Da hunturu ya shiga, hazo yakan lulluɓe tsaunuka har a kasa hango su, ƙura kuma babbar abokiyar gaba ce ga kyamara. Wanda zai hau Sukur sai ya yi sammako, ya tanadi ruwa da takalmi mai ƙwari, ya kuma sani cewa a ƙafa ake hawa.

Tsadar kayan aiki

Babu ko ɗaya daga cikin manyan kayan wannan sana'a da ake ƙerawa a Nijeriya. Kyamara da gilasanta da fitila da batir da kwamfuta da takardar wanki duk daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu yana bin dala ne. A watan Mayun 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar, dala ta haura naira 1,500 cikin 2024. Ma'anar haka ita ce matashin da ya shekara yana tara kuɗin kyamara ya wayi gari abin da ya tara bai kai rabin farashinta ba. Shi ya sa da yawa suka koma sayen kayan hannu, ko yin haya daga wanda yake da su a raba ribar aiki.

Har ila yau, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Mai hoto yana jin wannan sau biyu, a kuɗin motar da za ta kai shi wurin aiki, da kuma a janaretan da zai kunna don gyaran hotuna in babu wutar lantarki. Sai dai faɗuwar naira ta zo wa garin kan iyaka da wani ɗan sauƙi, domin mai riƙe da sefa daga Kamaru ko Chadi yana ganin arahar aiki a Mubi, kuma wannan kasuwa ce da masu hoton garin za su iya nema, tun da Fulatanci da Hausa suna tafiya a ɓangarorin biyu na iyaka.

Matsalar tsaro

Idan ba a manta ba, a ƙarshen watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, jama'a suka tsere zuwa Yola da Kamaru da cikin duwatsu, kafin sojoji tare da mafarauta da 'yan sa-kai su ƙwato garin a watan Nuwamba. An fasa shaguna da bankuna, an ƙona gidaje. A ƙarshen wannan shekara aka kai hari Sukur, aka ƙona gidaje tare da lalata wani sashe na fadar Hidi. An kuma sami tashin bama-bamai a Mubi a watan Nuwamban 2017 da watan Mayun 2018, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. A ɗaya gefen iyaka, sace wasu iyali 'yan ƙasar Faransa a kusa da gandun dajin Waza a watan Fabrairun 2013 ya durƙusar da yawon buɗe ido a arewacin Kamaru, har da ƙauyen Rhumsiki mai dogayen duwatsun nan da Turawa suka saba zuwa ɗaukar hoto.

Tun daga lokacin Mubi ta farfaɗo, kasuwanni da makarantu sun ci gaba da harkokinsu. Amma yankin Madagali, wanda yake maƙwabtaka da dajin Sambisa, ya ci gaba da fuskantar hare-hare jefi-jefi, don haka babu mai hankalin da zai kama hanyar Sukur ba tare da ya tuntuɓi hukumomin tsaro da shugabannin wurin ba. Rikicin ya kuma bar wa mai kyamara wata matsala, wato zargi. Ɗaukar hoton shingen binciken sojoji ko bariki ko gada yana iya jawo wa mutum tsarewa da ƙwace kayan aiki. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto daga sama da shi yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma tayar da shi a wannan yanki ba da izini ba ganganci ne.

Doka da ladabi

Sukur da sauran wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, saboda haka ita ce ake neman izininta in aikin na kasuwanci ne. Baya ga hukuma, akwai haƙƙin mazauna wurin. Sukur gari ne da mutane suke rayuwa a cikinsa, suna noma suna kiwo, suna da wuraren da al'adarsu ta hana baƙo shiga. Haka nan a fada da masallaci da coci da kasuwa, ladabi shi ne a yi sallama, a nemi izini, kada a ɗauki matan aure ko yara ba da yardar iyalansu ba.

Game da mallakar hoton kuwa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba wanda ya ɗauki hoto haƙƙin aikinsa in babu wata yarjejeniya da ta sauya haka. Amma ta kuma tanadi cewa mutumin da ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a baza shi ga jama'a. Wannan batu ne mai muhimmanci a nan, domin masu hoto da yawa suna tallata aikinsu ne da fuskokin masu cinikinsu, kuma hoton amarya ɗaya da aka saka a intanet ba da sanin mijinta ko iyayenta ba ya isa ya rufe wa mai hoto ƙofofin unguwa guda.

Abin da ya rage a yi

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin hukumomi ba. Tsaro da hanya mai kyau daga Mubi zuwa Madagali su ne kan gaba. Bayan su sai tsayayyen kuɗin shiga da na ɗaukar hoto da kowa ya sani, tare da rasit, da kaso na musamman ga al'ummar da take riƙe da wurin. Su kuma masu hoton yana da kyau su ƙarfafa ƙungiyarsu, su fitar da katin shaida da jami'an tsaro za su amince da shi, su yi adashi ko asusun haɗin gwiwa don sayen kayan aiki, su kuma koyi tarihin garinsu, saboda wanda zai iya ba baƙo labarin ƙuri'ar 1961 ko na maƙeran Sukur yana tafe yana ɗaukar hoto ya fi wanda ya iya latsa kyamara kawai daraja a kasuwa.

Akwai kuma wata dukiya da ake sakaci da ita, wato tsofaffin fina-finan hoto da ke jibge a akwatunan shagunan da suka rufe. A ƙasar Mali, hotunan da Seydou Keïta da Malick Sidibé suka ɗauki talakawan Bamako a shagunansu sun zama abin nunawa a manyan gidajen tarihi na duniya, har Sidibé ya sami babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na birnin Venis a 2007. Mubi ta yi asarar takardu da hotuna masu yawa a 2014, abin da ya tsira kuwa gara da zafi suna ci gaba da cinye shi. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna da ɗakunan karatu da ma'aikatan da za su iya tattara waɗannan hotuna su kwafe su a kwamfuta, da yardar masu su, tun dattawan da suka san sunayen mutanen da ke cikinsu suna raye.